Uwar da Ba Ta Fita Rakiya Ba

Ni mutum ne da zama ba ya kama ni. Tun ina yaro kakata take cewa ƙafata ƙaiƙayi take yi, kuma har na zama malamin adabin Hausa a wata makarantar sakandare da ke Shango halin bai sake ni ba. Kujerar da aka ajiye mini a gaban aji littattafai nake ɗora mata. Ina koyarwa ina zagaye, daga allo zuwa bangon baya, daga bangon baya zuwa taga, har ɗalibai suka riƙa cewa wuyansu yana ciwo duk ranar da nake da darasi. A shekarar da nake ba da labarinta abin ya ƙaru, domin na gaji da Minna, na gaji da zafinta, na gaji da alli, kullum ina cewa bana ce ta ƙarshe. Matata ta ji wannan magana har ta daina amsa mini.

'Yan ajin ƙarshe nake ɗauka, kuma cikin abin da za a tambaye su a jarrabawar fita akwai wata tsohuwar waƙar jarumtaka. Doguwa ce ƙwarai, irin wadda in mawaƙi ya fara da hantsi sai azahar ta same shi bai kai rabi ba. Daga bakin wani tsoho aka ɗauko ta aka buga a littafi, ba wanda ya san wanda ya fara ƙaga ta. Labarin wani maharbi ne da mahara suka addabi garinsu, ya ɗauki kwari da baka ya haye kogi ya bi su, ya yi ta yaƙi gari bayan gari, bai sake komowa gida ba. Aikina shi ne in tara yaran da hankalinsu ke kan waya da ƙwallo, in sa su fitar da jigon waƙar, su nuna salonta, su faɗi inda mawaƙi ya yi kamance da inda ya zuzuta abu fiye da kima. Wasu ranakun nakan ji kamar ina tura mota a cikin yashi.

Ajin nawa kuwa Minna ce a taƙaice. Akwai jikokin mutanen da aikin jirgin ƙasa ya kawo garin, akwai 'ya'yan Gbagyi da Nufawa, akwai 'ya'yan mutanen kudancin Kaduna da aiki ko kasuwanci ya zaunar da iyayensu a nan. Duk suna jin Hausa, amma kowa da irin tasa.

Wata rana cikin bazara, fankar aji tana tsaye kamar yadda ta saba, muka iso inda maharbin yake ban kwana da gida. Mawaƙin ya ce gari duka ya fito rakiya har bakin kogi. Ƙannensa mata suna kuka, gwaggonninsa suna riƙe masa riga, ubansa yana sa masa albarka. Uwar kuwa ɗan abin da aka faɗa a kanta kaɗan ne. Ba ta fita ba. Tana tsakar gida tana daka. Da ya shigo sallama ba ta ɗaga kai ba, ba ta kira sunansa ba, sai ta ce wa ƙanwarsa ta gaya wa wancan kada ya manta gorarsa. Ya fita, ita kuma ta ci gaba da daka har rana ta faɗi.

Na tsaya a bayan aji na ce, "To, me mawaƙi yake so mu gane game da wannan uwa?"

Wata yarinya 'yar kudancin Kaduna ta ɗaga hannu. Ita ce ta fi kowa ƙoƙari, ita ce kuma ta fi kowa baki, ba ta barin magana ta kwana. Ta ce, "Malam, wannan mama mugu ne. Yaronka zai tafi yaki, ko kallo ba ka yi masa ba? Ni mamana ko kasuwa zan je sai ya raka ni bakin kofa."

Aka yi dariya, rabin aji suka ce gaskiyarta. Ni kuwa raina ya ɗan ɓaci, domin ina da saurin hawa, musamman in zafi ya dame ni. Na koma gaban allo na shiga bayani. Na ce maharbin ɗan fari ne, kuma a wurin Hausawa, musamman mutanen da, uwa takan ji kunyar ɗanta na fari. Ba ta kiran sunansa, ba ta wasa da shi a gaban mutane, ba ta nuna ta damu da shi, sau da yawa ma kakarsa ake bai wa ta rene shi. Na ce wannan kawaici ne, ba ƙiyayya ba ce, kowa a garin maharbin ya san haka.

Yarinyar ta ce, "To Malam, in ana son mutum ana boyewa har ya mutu, wane amfani?"

Na kauce wa tambayar, na ce su rubuta abin da na faɗa, shi za a tambaya. Sai na ji murya daga layin baya. Wani dogon yaro ne ɗan Tunga, shiru-shiru, Bahaushe gaba da baya, wanda in ya yi sharhin baiti nakan ji daɗin aikina na ranar. Ya ce, "Malam, gaskiya ta faɗa. Al'ada ce kawai ake fakewa da ita. Wanda ake so ai ya sani."

Na ji yadda ya furta maganar. Nan take na gane ba maharbi yake nufi ba.

Da aka tashi na tsayar da shi a ƙarƙashin darbejiyar da ke bakin ofishin malamai. Da ƙyar ya buɗe baki, amma da ya buɗe sai ya yi ta zuba. Shi ne ɗan fari a gidansu. Yaya yake kiran mahaifiyarsa, kamar yadda ƙannenta suke kiranta, don a hannun kakarsa ya yi wayo. Tun da kakar ta rasu ya dawo gabanta, bai taɓa jin sunansa a bakinta ba, bai taɓa kama ta tana kallon fuskarsa ba. A gidan haya suke, ɗakuna a jere, kuma kullum yana ganin yadda matar maƙwabcinsu take rungume 'ya'yanta a bakin ƙofa in sun dawo makaranta. Lokacin da zazzaɓi ya kwantar da shi a asibiti, waccan matar ce ta zauna a gefen gadonsa, tasa uwar kuwa kunu ta aiko ƙanwarsa da shi.

Sai ya ce abokansa suna zuwa haƙar zinariya a bayan gari, shi ma tafiya zai yi. Na ce jarrabawa fa, saura 'yan makonni. Ya ɗaga kafaɗa ya ce, "Malam, ko na tafi ba wanda zai lura. Kwano ɗaya ne zai ragu a gidan."

Na yi masa faɗa, na yi lallashi, sannan na gaya masa abin da ban saba gaya wa ɗalibai ba. Ni ma ɗan fari ne. Mahaifiyata tana nan da ranta a Zungeru, kuma har na yi furfura ban ji sunana a bakinta ba. Na ce ka ga na mutu? Ya dube ni ya ce, "To kai Malam, ka tabbata tana son ka?"

Na ce ƙwarai kuwa, da sauri, na kama hanya. Amma tambayar ta bi ni har cikin keke, ta bi ni gida, ta hana ni jin daɗin tuwo. Na san amsar a kaina, irin sanin da mutum yake yi wa abin da aka gaya masa tun yana ƙarami. Hujjar da zan ajiye a gaban yaro ita ce ba ni da ita, ni da kullum nake cewa ɗalibai kada su kawo mini ra'ayi babu hujja daga cikin baiti.

Sai na koma wa waƙar. Na karanta wurin a ofis, na karanta a tsaye a bakin titi ina jiran abin hawa, na yi ta kai-komo a tsakar gida da littafi a hannu kamar kazar da ƙwai ya matsa wa. A can sama kaɗan, kafin maharbin ya shigo sallama, mawaƙin ya riga ya faɗi cewa geron da ke cikin turmin ya zama gari tun da hantsi. Ya faɗe shi ne a wuce, tsakanin maganar kaji da maganar hayaƙin murhu, ya bar shi nan ga mai ido.

Washegari na shiga aji da zumuɗi. Na sa aka karanta wurin, na ce, "Matar da ta san aikinta takan daka abin da ya riga ya zama gari?" Yarinyar nan mai baki ta daɗe tana duban littafi, sannan ta ce a hankali, "Malam, hankalinsa ba ya wurin turmi. Yana wurin yaro." Na ce madalla, wannan shi ne sharhi. In mawaƙi ya rufe bakin mutum, ku duba abin da hannunsa yake yi. Na juya layin baya don in ga fuskar wanda na yi wa wannan wahala duka, sai na tarar kujerarsa ba kowa.

Bai zo ranar ba, bai zo washegari ba. Na tambayi 'yan aji, suka yi ta kallon juna, wani ya ce wataƙila ba shi da lafiya. Na shiga duba ƙofar makaranta ta taga a tsakiyar darasi. Zafi kuma ya kai inda yake kaiwa in ruwan farko ya kusa, iska ta tsaya cik, gumi yana bin alli a hannuna. Na yanke shawarar in aka tashi zan nemi gidansu a Tunga, ko da zan bi layi-layi.

Ban kai ga tafiya ba. Ina fitowa daga aji na hangi wata mata a bakin ofishinmu, 'yar siririya cikin hijabi, ƙafafunta sun yi ƙura. Madam mataimakiyar shugaban makaranta tana tsaye a gabanta, alamar haƙurinta ya kusa ƙarewa.

Madam tana cewa, "Mama, yara sun yi yawa a nan. Fada mini sunansa kawai, zan kira shi."

Matar ta sunkuyar da kai ta ce, "Yaron gidanmu ne."

"Danka ne?"

Ta ce, "Yayan yaran ne."

Madam ta tafa hannu ta dube ni, irin kallon nan na ka ga mutanenku ko. Kafin in sa baki matar ta ci gaba, idonta a ƙasa, muryarta ba ta ko rawa. Ta ce dogo ne. In yana tunani yakan tauna wuyan rigarsa, duk rigunansa a nan suke fara mutuwa. Yana ɗan jan ƙafar dama, takalminsa na wannan gefen shi yake riga cinyewa. Ƙurar alli tana sa shi tari, ba zai faɗa ba, amma in ya dawo ana ji daga ɗaki. Yana kuma da tabo a bayan kunnen hagu, inda ƙusa ta yanke shi yana rarrafe.

Na ce, "Hajiya, na san shi. Ɗalibina ne." Na ambaci sunansa, ta kau da kai gefe, na san shi ne.

Na kai ta inuwa na ba ta kujera, ta ƙi zama. Ta ce ya ce wa ƙanwarsa zai kwana wurin abokinsa su yi karatu, amma littattafansa suna nan a ɗaki, shebur ɗin babansa ne babu. Baban ya yi tafiya. Ita ba ta taɓa zuwa makarantar ba, tambaya ta yi ta yi daga Tunga har ta iso, a ƙasa. Sai ta ɗaga kai ta dubi gabas, inda hadari ya fara haɗuwa, ta ce, "Malam, an ce ramukan nan suna ruftawa in ruwa ya sauka."

Iyakar abin da ta roƙa ke nan, kuma ko shi ba ta kira shi roƙo ba. Na ce ta koma gida. Na bar sauran darasina ga Madam, wadda a lokacin ta daina tafa hannu, na tari ɗan acaba.

Wurin haƙar ya fi yadda nake zato muni. Jar ƙasa ce an huda ta ko'ina, ramuka kusa da kusa, wasu an tokare bakinsu da itace, wasu ko oho. Inji yana ta ƙara, yara da manya sun yi dumu-dumu da laka har ba ka bambance fuska. Na yi ta bi ina faɗin sunansa, ba wanda ya san shi, don a can kowa da laƙabin da aka manna masa. Takalmina ya cika da taɓo, raina ya ɓaci, iska kuma ta fara tasowa da ƙanshin ruwa. Da na rasa yadda zan yi sai na ce wa wani mai wankin ƙasa a kwano, dogo ne, yana tauna wuyan riga, yana jan ƙafar dama. Bai ko yi tunani ba ya nuna mini wani rami a gefen tudu.

Aka kira shi ya hauro da igiya. Da ya gan ni ya daskare, sannan ya ɗaure fuska.

Na ce, "An zo makaranta neman ka."

"Wa?"

"Yayarka."

Ya yi wata 'yar dariya marar daɗi ya ce ba ta ma san hanya ba. Na ce ta tambaya, kuma da ƙafa ta zo. Ya murza laka a yatsunsa, sannan ya yi tambayar da na san zai yi.

"Ta faɗi sunana?"

Na so in yi masa ƙarya, Allah ya sani na so. Na ce, "A'a."

Ya gyaɗa kai, ya juya zai kama igiya. Nan zuciyata ta hau. Na cafko hannunsa na ce, "Tsaya nan, sakarai. Kai da kake fitar mini da abin da mawaƙi ya ɓoye a baiti, yau kunnenka ya toshe? Ji abin da ta faɗa." Na jero masa duka, wuyan riga, takalmi, tarin da ake ji daga ɗaki. Yana tsaye yana kallon ƙasa kamar ba da shi nake ba. Da na zo kan tabon bayan kunne sai ya ɗago.

"Wane tabo?"

"Na bayan kunnenka na hagu. Ƙusa ce ta yanke ka kana rarrafe."

Ya kai yatsansa mai laka ya shafa. Na ga lokacin da ya taɓa shi, domin hannun ya tsaya a wurin bai sauko ba. Ya ce, "Ban san da shi ba. Ba wanda ya taɓa gaya mini."

Na ce, "Wa zai san shi in ba mai kallon ka ta baya ba? Duk ranar da ka juya za ka fita, a nan idonta yake."

Ya daɗe a tsaye, ni kuma ina ta duban sama ina jin kamar in ɗauke shi cak. Can ya sunkuya ya ɗauki shebur ɗin babansa. Mu uku muka hau babur ɗaya, shi a tsakiya, lakar jikinsa duk ta koma rigata, yayyafi yana dukan mu tun kafin mu shiga gari.

La'asar ta yi lokacin da muka isa gidansu. Matan gidan suna ta fito da bokitai da robobi don tarar ruwa, yara suna tsalle. Matar maƙwabcin nan ce ta fara ganin sa, ta rugo ta rungume shi da lakarsa da komai, tana yi masa faɗa tana godiya ga Allah. Uwarsa tana bakin ƙofar ɗakinsu da bokiti a hannu, tana juye ruwa a randa. Ta ɗago sau ɗaya, ta mayar da kai, ta juya mana baya. Ta ce wa ƙanwarsa, "Ki ce wa wancan ya wanke jikinsa. Akwai tuwo a rufe."

Na ce a raina shi ke nan, wahalata ta tashi a banza, yanzu zai ajiye shebur ya koma inda ya fito. Na saci kallon sa. Ba fuskarta yake nema ba, hannunta yake kallo. Tana ta juye ruwan, yana malala ta bakin randar, yana bin gefenta, yana jiƙa mata zane da ƙafafu, ba ta daina ba har bokitin ya ƙare.

Ya matso kusa da ni ya ce ƙasa-ƙasa, "Malam, randar a cike take."

Na ce na gani. Na yi musu sallama na fita cikin ruwa, don ba na son ɗalibi ya ga idona a irin wannan hali.

Ya dawo aji, ya zauna jarrabawarsa tare da kowa. Ni kuma a ƙarshen makon da na dawo da shi na shiga mota zuwa Zungeru ba tare da wani dalili da zan iya gaya wa matata ba. Na sami tsohuwa a tsakar gida tana tsince shinkafa a faifai. Na durƙusa na gaishe ta, ta amsa tana kallon bango, ta tambayi maiɗakina da yara ɗaya bayan ɗaya da sunayensu, ni ba ta tambaye ni komai ba. Na ci abinci, na ɗan zagaya, na ce zan koma. Ta ce a gaishe su.

Na kama hanyar zaure kamar kullum. Da na kai bakin ƙofa sai na waiwaya ba zato, abin da ban taɓa yi ba tun da nake. Idonta yana kaina. Ta yi sauri ta sunkuya tana tsintar tsakuwa a faifan, alhali tun ina cin abinci ta juye shinkafar a tukunya.